Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Kwashe Kuɗi

 

Yau za mu leƙa gidan maƙwabtanmu masu zane da sassaƙa, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. A manyan zaurukan baje kolin fasaha na duniya, daga Landan zuwa New York, dabba ta zama haja mai tafiya. A kashe ta a jiƙa a ruwan magani, ko a tsare ta da ranta a keji, a manna mata dogon suna, sai a ce wai alama ce ta mutuwa ko ta zalunci ko ta halin ɗan Adam. Attajirai su zuba miliyoyi, jaridu su yi ta kurantawa, mu kuma a turo mana hoton a waya a ce ga inda duniya ta kai. Matsayinmu a fili yake: irin wannan aiki ungulu da kan zabo ne. Dabbar ce ke ɗaukar wahalar, ita ce kuma ke ɗauke da duk abin da ke girgiza mai kallo, amma suna da kuɗi na wani ne.

Fasahar da muke magana a kanta ita ce wadda mai aikin ba ya tsayawa a kan fenti da takarda kaɗai. Yakan haɗa ƙarfe da fata da ƙashi da tsumma da yankakkun hotunan mujalla, duk abin da hannunsa ya kai, ya tayar da sura ɗaya. Mu kira ta fasahar gamin-gambiza, ba don raini ba. Idan mai irin wannan aiki ya ɗauko dabba don ta tsaya a madadin wani abu, to ya shigo gonarmu, domin abin da malaman adabin Hausa ke kira alamtarwa ke nan, ko dabbantarwa idan mutum aka ba siffar dabba. Marubuci kalma kawai gare shi. Mai gamin-gambiza kuwa baki biyu gare shi: surar dabbar tana magana, kayan da ya gina ta da su ma suna magana. Inda bakunan nan biyu suka haɗu suka faɗi abin da ɗaya ba zai iya faɗa shi kaɗai ba, nan gwaninta take. Da wannan mudu za mu auna kowa.

Mu fara da babban gardin, Damien Hirst na Ingila. A 1991 attajirin nan mai tara kayan fasaha, Charles Saatchi, ya ɗauki nauyin wani aiki nasa. Aka biya masunci a Ostireliya ya kamo kifin shak mai tsawon sama da mita 4, aka kai shi Landan, aka saka shi a tankin gilashi cike da ruwan maganin da ake adana gawa da shi. Hirst ya sa masa dogon suna mai nufin cewa mai rai ba ya iya hakaito mutuwa a zuciyarsa. A 2004 aka sayar da tankin ga wani attajirin Amurka, Steven Cohen, a kan kuɗin da jaridu suka ce bai gaza dala miliyan 8 ba.

To mu tambaya: tsoron da ke kama wanda ya tsaya gaban tankin nan, na wane ne? Haƙoran na kifin ne, girman jikin nasa ne, mutuwar ma tasa ce. A cire sunan da aka manna, abin da ya rage irin abin da ake ajiyewa ne a ɗakin gwajin kimiyya don ɗalibai. Da marubuci zai kawo mana labarin da duk ma'anarsa tana cikin sunan littafin da gabatarwar da wani farfesa ya rubuta, da tuni mun mayar masa da kayansa.

Magoya bayansa sukan ce ai tunanin ne fasahar, kifin abin ɗauko tunanin ne kawai. Madalla. Kifin farko ya soma ruɓewa saboda ba a adana shi da kyau ba, sai a 2006 aka sake kashe wani aka musanya. Idan tunanin ne fasahar, me ya sa sai da aka kashe kifi na biyu? Ai tunani ba ya ruɓewa. Idan kuma kifin ne fasahar, to abin da attajirin ya saya ya riga ya lalace, wanda ke cikin tankin yanzu wani abu ne daban. Ko ta ina aka ɓullo, dabbar ce ta biya bashin.

A ranakun 15 da 16 ga Satumba 2008, Hirst ya yi gwanjon ayyukansa a kamfanin Sotheby's da ke Landan, aka tashi da fam miliyan 111. A ranar farkon gwanjon ne bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka, duniya ta faɗa rikicin tattalin arziki. Abin da ya fi tsada a gwanjon shi ne gawar maraƙi a tanki, an yi masa ƙahonni da kofatai na zinariya, ya tashi a kan fam miliyan 10.3. Kowa ya san maraƙin da ake nufi, na Samiri. Aka ce wai shaguɓe yake yi wa masu bautar dukiya. Mu dai ba mu taɓa ganin mai wa'azin barin caca ya tsaya bakin ƙofar gidan caca yana karɓar la'ada ba. A 2012 kuma, a gidan fasaha na Tate Modern, ya cika ɗaki da malam-buɗe-littafi masu rai wai don nuna gajartar rayuwa. Cikin makonni 23 sama da 9,000 suka mutu, ana kwashewa ana zuba sababbi.

Kada a ɗauka cutar ta tsaya a Ingila. A 2017 gidan Guggenheim na New York ya shirya baje kolin fasahar ƙasar Sin. Cikin kayan akwai bidiyon wani aiki da Sun Yuan da Peng Yu suka yi a Beijin a 2003: karnukan faɗa 8, an ɗaure kowanne a kan injin gudu, biyu-biyu suna fuskantar juna, suna ta gudu su cafki juna amma ba sa isa, har suka galabaita. Aka ce alama ce ta yadda masu iko ke haɗa mutane gaba. Jama'a suka yi ca, gidan ya janye aikin tare da wasu biyu, yana cewa an yi wa ma'aikatansa barazana. Barazana ga ma'aikata laifi ce, ba ma goyon bayanta ko kaɗan, kuma mu marubuta mun fi kowa sanin darajar 'yancin faɗin albarkacin baki. Amma wannan 'yanci na bakinka ne da hannunka. Wanda ya cinna wa rumbun wani wuta don ya nuna wa gari illar gobara, sunansa mai ƙone rumbu. Karnukan nan ba wasan kwaikwayo suke yi ba, gajiyarsu ta gaske ce.

Mun san abin da za a jefo mana. Za a ce ku da kuke yanka rago kuna cin tsire, ina ruwanku da kifin Ostireliya? Amsarmu ita ce rai ba ya tafiya a banza a wurin mai hankali. Ragon da aka yanka ya ciyar da gida da maƙwabta, fatarsa ta tafi majema, baduku ya ɗinka takalmi da ita. Kifin Hirst bai ciyar da kowa ba, kuma ba a buƙatar ransa don a faɗi maganar da ake so a faɗa. Hujjarmu a kan haka ita ce akwai waɗanda suka faɗi maganganu masu nauyin da ya fi nasa ba tare da an kamo musu dabba an kashe ba.

A tsakanin 1985 da 1986, lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ta ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a Afirka ta Kudu, wata ɗaliba a jami'ar Witwatersrand mai suna Jane Alexander ta yi aikin da aka sani da Butcher Boys, wato yaran mahauta. Surori uku ne masu girman mutum, zaune a kan benci kamar masu jiran layi. Jikinsu na mutane ne, an yi shi da filasta, an dasa musu ƙahonni da ƙasusuwan dabba. Ba su da kunnuwa, bakunansu a toshe suke, idanunsu baƙi ƙirin. Ba a buƙatar wani ya tsaya yana bayani. Ga abin da zalunci ke mayar da mutum, mai yin sa da mai kallo ya yi shiru: ba ya ji, ba ya magana, kamanninsa sun soma komawa na dabba. Aikin yana nan a gidan fasaha na ƙasa da ke Cape Town.

A 2006 a Berlin, Cai Guo-Qiang, ɗan ƙasar Sin, ya rataye kyarketai 99 a sararin ɗaki, sun yi layi sun taso a guje suna tsalle, kowanne yana zuwa yana gwara kansa da bangon gilashi, ya faɗi, ya juya ya koma layi. A garin da aka rushe katanga a 1989, kowa ya gane bangon da ido ba ya gani. Ba a kashe kyarkeci ko ɗaya ba. Da waya da ciyawa aka gina su, aka lulluɓe da fatar tumaki da aka rina. Ku dubi yadda kayan aikin suka yi magana: a ido kyarketai ne masu ban tsoro, a jiki kuwa tumaki ne, masu bin na gaba ko da rami zai faɗa. Baki biyun da muka ambata ke nan.

Wangechi Mutu, haifaffiyar Nairobi, takan yanko hotuna daga mujallun ado da na namun daji da littattafan likitanci, ta haɗa da tawada, ta tayar da mace mai gaɓoɓin dabba da na inji. Takardun da aka daɗe ana kallon macen Afirka da su kamar wata halittar daji, su ta yayyanka ta mayar da martani da su. A nan gida Najeriya, Dotun Popoola yana walda tarkacen ƙarafan babur da janareto ya fitar da doki ko zakara. Duk waɗannan sun yi gumi, kuma ma'anar tana cikin abin da hannunsu ya ƙera.

Yanzu mu zo kan kurar da ke cikin sunan makalar nan, domin ta gidanmu ce. A 2005 mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya zo Najeriya neman wasu mutane da ya gani a hoto suna jan kura da sarƙa. Kafin zuwansa an yi ta yaɗa cewa 'yan fashi ne ko masu karɓo bashi da ƙarfi. Ya same su a gefen Abuja, ya tarar gardawa ne Hausawa masu wasa da kura da biri da maciji suna sayar da magani. Ya dawo a 2007, ya fitar da littafin hotuna, ɗaya daga cikin hotunan ya ci kyautar farko ta World Press Photo a ɓangaren hoton mutum. Aikinsa hoto ne, ba gamin-gambiza ba, kuma bai kashe komai ba. Mu yi masa adalci: shi da kansa ya gyara ƙaryar da aka yi wa mutanen, ya kuma lura cewa Turawa kullum lafiyar dabbar suke tambaya, ba sa tambayar abin da ya sa mutum ke neman abinci ta wannan hanya.

Duk da haka, ku dubi abin da ya faru da ma'anar. Baturen da ya ga hoton a bangon zaure a Turai, abin da yake gani shi ne Afirka mai hatsari, ƙato da dodo a ƙarƙashin gada. Bahaushe kuwa ya san kura tun yana goye. Ga kwaɗayi, ga tsoro, ga wauta, Gizo ya sha yi mata wayo a tatsuniya. Wasan kura a wurinmu abin kallon ranar kasuwa ne, yara na ihu ana dariya. Kuma mu muka san takunkumin da sandan da ke bayan wasan, shi ya sa muka yi karin maganar. Ba mu wanke gardi ba, bugun da yake yi wa kura zalunci ne. Amma da hoton ya shiga kasuwar duniya, gardin ma ya koma cikin kayan kallo, shi da kurarsa a sarƙa ɗaya, ana karanta su da ma'anar da ba tasu ba.

Darasin da ke nan ya shafi duk matashin da ke koyon zane a Zariya ko Kano ko Damagaram. Dabba ba ta da ma'ana ɗaya a duniya, kowane harshe da abin da ya ɗora mata. Bature ya gaji mujiya daga Girkawa a matsayin alamar hikima, shi ya sa yake zana ta a kan littafi. Mu kuwa mujiya abar ƙi ce, wanda aka tsana ake ce ana yi masa ganin mujiya. Malamin daji a wurinmu dila ne. Wanda ya zana mujiya da tabarau don ya yabi malaminsa, da Hausa zaginsa ya yi. Wanda ya kwaso ma'anar dabbobi daga intanet ya zuba a aikinsa, da bakin aro yake magana, kuma masu bakin za su fi shi iyawa har abada.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Suka ce za su karɓi dabarun Bature amma da abin gidajensu za su yi magana. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. A Zariya aka yi wannan yunƙuri. Taskar dabbobin Hausa kuwa har yanzu tana jiran masu buɗe ta: hankaka mai da ɗan wani naka, belbela ci da motsin wani, hawainiya, gafiya, da akun da Abubakar Imam ya naɗa waziri a Magana Jari Ce. Kowace ɗaya hali ce ta wani da muka sani a unguwa ko a gidan gwamnati.

Kayan aiki ma ba sai an yi odarsu ba. Ga ragowar fata a wurin dukawa, ga shuni a marinar Ƙofar Mata, ga tarkacen ƙarfe a Panteka ta Kaduna, ga ledar ruwa da fastocin 'yan siyasa da suka cika kwatoci. Belbelar da aka haɗa da yagaggun fastocin zaɓe, wa zai nemi a fassara masa ita?

Kuma dabbobinmu suna da labarin da ya fi na kifin Landan zafi. Ungulun da ke cika mahautanmu a da ta yi wuyar gani. A 2015 ƙungiyar IUCN mai kula da halittun duniya ta saka irinta cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa, kuma cinikin sassan jikinta don tsibbu yana cikin dalilan. Jaki ma ana yanka shi don fatarsa da ake kaiwa ƙasar Sin a yi magani, har Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a 2024. A ƙauyen da jaki ya ɓace, mace da yaro ne ke ɗaukar ruwan da itacen a ka.

Akwai tambayar da ke bakin da yawa daga cikinmu, ta hukuncin surar mai rai. Fatawa ta malamai ce, a je gare su. Abin da ke cikin fiƙihun Malikiyya shi ne an bambanta mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda aka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa, wanda hukuncinsa bai kai can ba, wasu malaman kuma sun fi haka tsanantawa. Abin da muke so a lura da shi shi ne alamtarwa ba ta dole sai da surar dabbar. A jera mangaloli 50 a tsakar ɗaki babu jaki ko ɗaya, kowa zai ji abin da aka rasa. A rataye takunkumin kura da sandan gardi da ƙwaryar tara kuɗi, an gama magana. Addinin da ya yi magana a kan sura shi ne ya ba mu labarin matar da ta halaka saboda kyanwar da ta tsare, don haka hanyar Hirst a rufe take ta kowace fuska, wannan kuwa a buɗe take.

Saboda haka duk ranar da aka turo mana hoton wani aiki mai dabba ana cewa ya tashi a kan miliyoyi, mu yi masa tambayoyin da muke yi wa rubutu. Me hannun mai aikin ya ƙara a kan abin da dabbar ta zo da shi? Idan an cire sunan da bayanin, akwai sauran magana? Da harshen wa dabbar ke magana? Wa ya sha bugun, wa ya kwashe kuɗin? Farashi ba ya amsa ko ɗaya daga cikinsu.

Mu marubuta kuma akwai namu aikin. Karin magana da kirari da tatsuniya a hannunmu suke, masu zanen da ke yi mana bangon littafi suna buƙatarsu. Wanda zai fitar da littafi ya zauna da mai zanensa, ya gaya masa wace dabba ce jarumin labarinsa kuma me ya sa, maimakon a ɗauko hoton zakin da kowa ya ɗauko.

Wanda ke ganin mun zalunci Hirst, ko yana da hujjar da ta halatta gudun karnukan Beijin, fili nasa ne, ya kawo ta mu auna da mudun da muka auna sauran. Sai mun ji daga gare ku.